Kundin Koyon Karanta Masu Tsaron Gida a Ƙwallon Amurka

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Yau babban kocin ƙwallon Amurka na makarantar sakandaren da ɗana yake karatu a nan birnin Kolombos, jihar Ohayo, ya ɗora mini aikin da ban nema ba. Bara ni ne nake ɗaukar musu bidiyon wasa, don kawai ba na zuwa aiki ranar Asabar. Bana kuwa ya ce yana so in riƙa zama a ɗakin da ke can saman kujerun 'yan kallo duk ranar da ƙaramar ƙungiya take wasa, wato ta yara 'yan shekara 14 zuwa 16, in riƙa gaya wa kocin da ke kiran dabarun hari irin tsayuwar da masu tsaron abokan hamayya suka yi, domin ya san abin da zai kira. Na amsa masa tun kafin in yi shawara da kaina, sai da na dawo gida na zauna sannan na ga cewa ilimina a wasan bai wuce na mai kallon talabijin ba: mutum 11 kowane ɓangare, dama huɗu a ci yadi 10, idan an kasa ƙwallo ya koma hannun ɗaya ɓangaren.

Na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta abin da na koya, da abin da na ɓata, da abin da na kashe. Zan yi amfani da sunayen da muke faɗa a gida ni da yaron. Kwatabak, wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama ya jefa ko ya ba mai gudu, madugu muke ce masa. Sefti, waɗanda ke tsayawa can nesa, masu gadin baya. Waɗanda ke bin masu cafe a kusa da layin gefe, masu gadin gefe. Lainbeka kuwa, waɗanda ke tsaye bayan manyan 'yan layi, 'yan tsakiya. Wasan farko ranar 24 ga wata ne.

Laraba, 7 ga Agusta

Kocin tsaro ya ba ni rabin sa'a bayan atisaye, kuma abu na farko da ya hana ni shi ne kallon ƙwallo. Ya ce in fara daga can baya in ƙirga masu gadin baya, domin daga adadinsu sauran lissafin yake fitowa. Tsarin da muke fita da shi yawanci masu cafe uku ne, da mai gudu ɗaya, da madugu, da 'yan layi biyar, da wani na shida da ke tsayawa a ƙarshen layi, wanda yake iya tarewa kuma yake iya cafewa. Ke nan masu tarewa shida muke da su. Idan abokan hamayya suka ajiye mutum uku a kan masu cafenmu uku, suka bar biyu a baya, shida ne suka rage a cikin abin da ake kira akwati, wato filin da ke daura da 'yan layi zuwa kimanin yadi biyar ko shida, kuma shida da shida gudu ya halatta. Idan ɗaya ne a baya, bakwai ke cikin akwati, sun fi mu da mutum ɗaya, amma mai gadi ɗaya ba zai iya rufe faɗin fili na yadi 53 da ɗoriya shi kaɗai ba. Idan babu kowa a baya, takwas ne, kuma rubdugu suke shirin yi wa madugu.

Lissafin ya burge ni saboda ba ya bukatar ƙarfi ko gudu. Mutum 11 ne dai, duk inda aka ƙara ɗaya, an rage shi daga wani wuri.

Asabar, 10 ga Agusta

An yi wasan gwaji da wata makaranta, na ɗauki bidiyo kamar yadda na saba, da dare na zauna zan fara aikin ƙirga, sai na tarar da ɓarnar da na yi shekara guda ina yi ba tare da kowa ya gaya mini ba. Ina jawo hoton kusa da ƙwallo, ina bin sa duk inda ya je, kamar yadda ake nunawa a talabijin, saboda haka a cikin dama 41 da na ɗauka, guda shida ne kawai masu gadin baya suka fito a hoton kafin a saki ƙwallo. Sauran duk manyan yara ne suna turereniya, abin da nake nema kuwa yana wajen hoton. Ga shi kuma ina riƙe da na'urar a hannu, hoton yana rawa. Na sayi maɗora mai ƙafa uku dala 42, da katin ajiya dala 18. Daga yanzu wani uba ne zai riƙa ɗauka, kuma na gaya masa ya buɗe hoton har sai ya ga mutum 22 cif, ya fara ɗauka tun yara suna jeruwa, kada ya bari sai an saki ƙwallo.

Talata, 13 ga Agusta

Atisaye kawai. Na tsaya bayan madugu ina faɗin adadin masu gadin baya da na cikin akwati a bayyane, kocin tsaro yana gyara mini. Na kuskure sau biyar cikin 30, duka a kan ɗan tsakiyar da ke tsayawa rabi ciki rabi waje.

Lahadi, 18 ga Agusta

Na shafe mako ina haddar tsare-tsaren gadin jifa, waɗanda ake kira Koba a haɗa da lamba. A Koba 0 babu kowa a baya, mutum da mutum ne. A Koba 1 ma mutum da mutum ne, amma da mai gadi ɗaya a tsakiyar baya. A Koba 2 masu gadin baya biyu sun raba nesa gida biyu, masu gadin gefe suna tsugune kusa, kuma raminsa yana kusa da layin gefe, bayan mai gadin gefe kafin a kai ga na baya, da kuma tsakiyar nesa. Wannan rami na tsakiya shi ne masu horarwa Tony Dungy da Monte Kiffin suka toshe a ƙungiyar Tampa ta NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, daga 1996, ta hanyar tura ɗan tsakiya ya ruga can baya, har aka sa wa tsarin sunan garin. A Koba 3 mutum uku ne suka raba nesa gida uku, huɗu suna ƙasa, kuma ana samunsa ta tsagin da ke tsakanin yankunan ukun da kuma gefen kusa. Da shi ƙungiyar Siyatil ta yi suna a hannun kocinta Pete Carroll, har ta doke ƙungiyar Danba da madugunta Peyton Manning 43 da 8 a wasan ƙarshe na gasar a Fabrairun 2014, abin da ya nuna mini cewa sanin tsarin da ke gabanka ba ya nufin za ka iya fasa shi. A Koba 4 kowane ɗaya cikin huɗu yana da rubu'in nesa, sai su bar maka gajeren jifa.

Na zauna da kocin hari muka tsara takardar kira mai dabara 46, kowane tsarin tsaro da amsoshinsa, an rarraba su bisa dama da yadin da ya rage. Na sayi abin ɗaurawa a wuyan hannu guda 12 mai aljihun takarda, dala shida kowane, dala 72, don koci ya faɗi lamba yara su duba. Na sayi na'urar liƙa wa takarda leda da ledojinta dala 36, da rediyon oba-oba guda biyu dala 35. Ina alfahari da takardar nan ƙwarai.

Asabar, 24 ga Agusta

An ci mu 20 da 6, kuma kaso mai yawa na laifin nawa ne. A wasan sakandare daƙiƙa 40 ake da su tsakanin ƙarshen wata dama da sakin ƙwallo a ta gaba, kuma ba kamar gasar NFL ba, inda koci yake magana kai tsaye a cikin hular madugu har agogo ya rage daƙiƙa 15, a nan sai an yi da baki da hannu daga bakin fili. Ni kuwa sai in jira masu tsaro su jeru, in ƙirga na baya, in ƙirga akwati, in duba tazarar masu gadin gefe, in yi ta neman sunan tsarin a kaina, sannan in faɗa a oba-oba, koci ya bi takarda mai layi 46 da yatsa, ya ɗaga murya ya faɗi lamba, yara 11 su sunkuyar da kai suna neman ta a wuyan hannu. Sau uku alƙali ya jefa tuta ya mayar da mu baya yadi biyar saboda ɓata lokaci, sau biyu kuma koci ya kashe ɗan hutun tsayar da agogo da ya kamata a adana don ƙarshen rabi. Mafi ciwo ita ce ta zango na uku cikin huɗun wasan, muna yadi huɗu daga ci, dama ta uku, na ga babu kowa a baya na tsaya ina tantancewa, tuta ta tashi, muka koma yadi tara, jifa biyu suka faɗi ƙasa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da na kalli bidiyon, tsari biyu kacal suka yi mana tun daga farko har ƙarshe, Koba 3 a fili, Koba 0 idan mun matso layin cinsu. Na shirya wa yara 'yan shekara 15 amsar tambayoyin da babu wanda ya yi musu. A mota ɗana, wanda ke tarewa a layi ta hagu, ya ce, "Baba, don Allah a rage lambobin nan, wallahi kafin in gano tawa an fara ƙirga." Ban ce masa komai ba, domin gaskiya ya faɗa.

Litinin, 26 ga Agusta

Mun yanke takardar daga 46 zuwa 14, gudu shida, jifa shida, tarko biyu, wato a bar masu afkowa su wuce sannan a ɗaga wa mai gudu ƙwallo ta saman kawunansu. Na kuma daina faɗin sunan tsari a oba-oba. Lambobi biyu da kalma ɗaya zan riƙa faɗa: na baya nawa, akwati nawa, masu gadin gefe kusa ko nesa. Kocin hari zai kira dabara da zarar an busa usur bisa abin da na gani a damar da ta wuce, sai in yi magana kawai idan tsayuwarsu ta canza.

Wata dama da ban lura da ita ba tun farko ita ce, babbar ƙungiyarmu tana karawa da makaranta ranar Juma'a da dare, ƙaramar kuma ta kara da ƙaramarsu da safiyar Asabar, kuma ƙananan kusan ko da yaushe tsarin manyansu suke kwaikwayo. Saboda haka daga wannan Juma'a zan riƙa zuwa da littafi in rubuta tsayuwarsu a kowace dama.

Asabar, 31 ga Agusta

Mun ci 22 da 14, babu tutar ɓata lokaci ko ɗaya. Jiya na yi sallar magariba a bayan motata a wurin ajiye motoci lokacin hutun rabi, na koma na cika shafi huɗu, na ga masu gadin gefensu suna ba da tazarar yadi bakwai zuwa takwas suna kallon madugu, ba mai cafe ba, alamar gadin yanki ke nan. Yau ƙananansu haka suka tsaya. Muka yi ta jefa wa mai cafe ya yi yadi biyar ya juyo, har suka gaji suka matso, sannan muka jefa ta bayansu.

Asabar, 7 ga Satumba

Mun ci 28 da 12. Sun tsaya da biyu a baya da shida a akwati duk wasan, muka yi ta gudu. Kocin layi ya nuna mini in riƙa duba manyansu biyu na ciki: ɗaya yakan tsaya a kafaɗar waje ta mai tarewa na kusa da mai miƙa ƙwallo, ɗaya kuma a kafaɗar shi mai miƙawar, kuma ɓangaren na biyun ne ake samun kafa a buɗe. Ta nan muka bi.

Asabar, 14 ga Satumba

An ci mu 27 da 13, kuma yau na san cewa tsayuwa magana ce da masu tsaro ke faɗa maka, tana iya zama gaskiya tana iya zama shigo-shigo ba zurfi. Jiya manyansu sun tsaya da biyu a baya, na rubuta Koba 2 na ja layi a ƙarƙashi, na kwana da shirin dabarar da aka sani maganinsa ce: mai cafe na waje ya yi yadi biyar ya tsaya, na ciki ya ruga kamar yadi 10 zuwa 12 ya karkata zuwa kusurwa, sai mai gadin gefe ya rasa wanda zai bi. A zango na farko ta yi aiki sau ɗaya, muka ci yadi 24, na ɗauka na gama da su.

A zango na biyu na sake ganin biyu a baya, na ce a maimaita. Da aka saki ƙwallo sai mai gadin baya na dama ya gangaro ƙasa da gudu, na hagu ya zame zuwa tsakiya, masu gadin gefe kuma suka juya suka ruga baya, abin da ya fara da siffar Koba 2 ya rikiɗe ya zama Koba 3. Madugunmu, wanda ni na cusa masa cewa kusurwa a buɗe take, ya jefa ba tare da ya duba ba, ƙwallon ya sauka a ƙirjin mai gadin gefe kamar shi aka jefa wa. A zango na uku suka sake yi, wannan karon wanda ya gangaro ne ya tare gajeren jifa ya gudu da shi har ya ci. Yaron ya fito ya cire hula ya zauna a ƙarshen benci yana kallon ƙasa. Na sauko na same shi na ce masa idona ne ya yi kuskuren, ba hannunsa ba.

Da dare na mayar da bidiyon baya fiye da sau 20, sai na ga alamar tana nan tun farko. Duk lokacin da za su juya, mai gangarowar yana tsayawa a yadi tara maimakon 12, ƙafarsa ɗaya a gaba, nauyinsa a kan yatsu, masu gadin gefe kuma suna ɗan buɗe ƙugu zuwa ciki don su sami saurin juyawa. Ni ina ƙirga kawuna ne kawai, ban kalli ƙafafu ba, alhali duk wanda ya taso yana kallon dambe ya san ƙafa ce ke fara tona niyyar hannu. Irin wannan ɓad-da-kama ta tsayawa da biyu a juya bayan an saki ƙwallo ita ce kocin tsaro Vic Fangio ya shahara da ita a NFL, kuma ban yi zaton ta gangaro har wasan yara na safiyar Asabar ba.

Talata, 17 ga Satumba

Gyara biyu muka yi. Na farko, za mu riƙa sa mai cafe ɗaya ya gilma daga wannan gefe zuwa wancan kafin a saki ƙwallo. Idan mutum ɗaya ya bi shi har can, gadin mutum da mutum ne, idan kuwa suka ɗan gusa kawai kowa ya tsaya a yankinsa, gadin yanki ne, kuma sau da yawa gilmawar tana tilasta wa mai shirin gangarowa ya motsa da wuri. Na biyu, kowace dabarar jifa an ba madugu mutum ɗaya tak da zai kalla bayan ƙwallo ya shiga hannunsa. A dabarar da ta kashe mu, mai gadin gefe ne: ya tsaya, a jefa kusurwa, ya ruga baya, a jefa wa na kusa. Abin da na faɗa daga sama shawara ce, hukuncin yana idonsa. Na aro madubin hangen nesa wurin maƙwabcina don ganin ƙafafu.

Asabar, 21 ga Satumba

Mun ci 19 da 7. Na gwada abin da aka san koci Bill Walsh da shi a ƙungiyar San Firansisko, wato rubuta dabarun farko tun kafin wasa, sai dai mu takwas muka rubuta, kowace da jeri daban, ba don cin yadi kaɗai ba, don in ga yadda za su tsaya wa kowane jeri. A ta biyar muka jera masu cafe uku a gefe ɗaya, na ga ba su tura mutum na uku ba, ɗan tsakiya ne yake leƙowa daga akwati, muka yi ta komawa can har aka tashi.

Wani abin da na fara rubutawa shi ne inda aka ajiye ƙwallo. A filin sakandare layukan ɗigon da ake ajiye ƙwallo a kansu sun raba faɗin fili gida uku daidai, saɓanin na NFL da suke kusa da juna a tsakiya, don haka idan ƙwallo yana kan ɗigon hagu, kashi biyu cikin uku na filin yana dama. Yawancin masu tsaro can suke kai ƙarfinsu, kuma waɗannan na yau duk rubdugunsu daga matsattsen gefen ya fito, inda tazarar take gajeruwa.

Asabar, 28 ga Satumba

Ragowar guguwar Helene ta iso Ohayo jiya da iska da ruwa, ban je kallon manyansu ba, yau kuma fili ya zama caɓi. An ci mu 8 da 6. Batirin oba-oba ya mutu a zango na biyu saboda ban canza shi ba tun Agusta, na koma ɗaga yatsu ta taga, koci ba ya gani sosai. Sun cika akwati da takwas don sun san jifa ba zai yiwu ba, na karanta su daidai, amma ƙwallo jiƙaƙƙe yana zame wa madugu. Batura dala 11.

Asabar, 5 ga Oktoba

Mun ci 26 da 20. 'Yan tsakiyarsu biyu suna matsowa su tsaya a kafaɗun mai miƙa ƙwallo, wani lokaci su afko, wani lokaci su janye. Na lura idan da gaske za su zo, mai gadin baya yana saukowa ya tsaya daidai kan mai cafenmu na ciki, domin dole wani ya gaji aikin da suka bari. Sau uku na ga haka na ce tarko: 'yan layi su bar su su wuce, madugu ya ja baya ya ɗaga wa mai gudu ƙwallo ta saman kawunansu. Biyu sun yi aiki, ɗaya ya kai ga ci daga yadi 38. An kayar da madugu sau biyu tun kafin in gano alamar.

Asabar, 12 ga Oktoba

An ci mu 21 da 0, ba mu taɓa shiga yadi 20 na ƙarshe ba. Tsarinsu ba wani abu ne mai wuya ba, Koba 3 ne ƙarara, amma duk inda muka nufa sai mu tarar suna jiranmu, har na ji wani ɗan tsakiyarsu yana ihun "gudu, hagu" kafin a saki ƙwallo, kuma gudu hagu ɗin muka kira. Wata biyu ina karanta mutane, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da mai zama a ɗakin da ke kusa da nawa yake karantawa a jikinmu ba.

Na kwana biyu a kan bidiyon wasanninmu takwas, na rubuta kowace dama tamu kamar yadda nake rubuta ta abokan hamayya. Sakamakon ya sanyaya mini gwiwa. A dama ta farko, idan akwati shida ne, gudu muke yi kusan ko da yaushe, kuma ta ɓangaren da ke nesa da inda mai gudu ya tsaya. Gilmawar da muka ƙirƙiro a Satumba ba mu taɓa yin gudu bayanta ba, duk wanda ya ga mai cafe ya motsa ya san jifa ne. Sannan ga ɗana: idan gudu ne yana danna hannunsa a ƙasa har yatsun su yi fari, idan jifa ne yana zama a kan dugadugansa hannun yana taɓa ciyawa kawai. Na tuna yadda Malcolm Butler, mai gadin gefe na ƙungiyar New England, ya tare jifar Siyatil a bakin layin ci a wasan ƙarshe na Fabrairun 2015, don ya gane jerin da aka riga aka nuna masa a atisaye. Ƙa'idojin da na kafa don sauƙaƙa wa yara su ne suka zama littafin da aka karanta mu da shi.

Talata, 15 ga Oktoba

Na nuna wa yaron hotunan hannunsa guda biyu a jere a kan teburin cin abinci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, tun yaushe?" Na ce tun wasan farko. Kocin layi zai sa su duka su riƙa tsayuwa iri ɗaya. Ba mu ƙara sabuwar dabara ba, sai dai kowace dabara an yi mata 'yar'uwa mai kama da ita a farko: gudu bayan gilmawa, da jifa bayan an yi kamar za a miƙa wa mai gudu a dama ta farko da akwati shida.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun ci 21 da 14. A damar farko ta wasan muka yi kamar gudu, masu gadin bayansu na Koba 4 suka taso da sauri, mai cafe ya wuce ta bayansu yadi 45.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wasan ƙarshe, mun ci 20 da 18. Abin da zan riƙe daga yau ya faru a zango na huɗu, dama ta uku da yadi bakwai. Na ce biyu a baya, shida a akwati, gefe kusa, aka kira dabarar kusurwa, wadda aka tare mana a Satumba. Ana sakin ƙwallo na ga mai gadin gefe ya juya ya ruga, na tabbata na sake faɗawa rami, amma madugu ya kalle shi, ya fasa, ya jefa wa na kusa, shi kuma ya kauce wa mutum ɗaya ya ci yadi tara. Da wannan muka cinye sauran lokacin. Karatuna na sama kuskure ne, na yaron daidai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mun ƙare da nasara shida, rashin nasara huɗu. Jimillar abin da na kashe dala 214 ne, makaranta ta mayar mini da 72 na abin ɗaurawa a hannu, saura 142 daga aljihuna, ban sa man mota ba. Na mayar wa maƙwabcina madubinsa, zan sayi nawa kafin Agusta.

Babban koci ya ce in ci gaba a baɗi. Daga yanzu zuwa Janairu zan yanko gajerun hotuna 60 daga bidiyon bana, kowane ya tsaya daƙiƙa ɗaya bayan sakin ƙwallo, don madugun bana da yara biyun da za su taso su riƙa faɗin wanda ya motsa da inda za su jefa, sau ɗaya a mako bayan an tashi daga makaranta. Zan riƙa rubuta damammakinmu duk bayan wasa biyu maimakon in jira sai an karance mu. Gadin da ke farawa a yanki ya koma mutum da mutum gwargwadon inda masu cafe suka nufa, irin wanda koci Nick Saban ya yaɗa, har yanzu ba na iya bambanta shi da Koba 1 daga sama, kuma makarantu biyu cikin waɗanda za mu sake haɗuwa da su suna yin sa. Kocin tsaro ya yi mini alkawarin zama a kansa ranar Laraba ta biyu a cikin watan Disamba.